Filin Da Muka Bari Da Filin Da Muka Tarar

Jawabin baƙo mai jawabi a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, wanda aka yi a babban zauren makaranta.

 

Mai girma shugaban taro, wakilin Mai Martaba Sarkin Gumel, shugaban ƙungiyarmu da 'yan kwamitinsa, Malam Firinsifal da mataimakansa, iyayenmu malamai na da da na yanzu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, da kuma 'ya'yanmu da na hango can baya sun cika tagogi, barkanmu da war haka. Allah ya ji ƙan waɗanda muka zauna da su a nan bara, bana babu su.

Ran da sakatare ya kawo mini takardar gayyata, na ce masa, a cikinmu akwai likitoci da alƙalai da manyan 'yan kasuwa, ka rasa wanda za ka ɗora wa wannan nauyi sai mutumin da ya ƙare aikinsa da usur rataye a wuya? Sai ya yi dariya ya ce ai saboda usur ɗin ne. Ya ce kuɗin da muka shekara biyu muna tarawa sun kammala, amma kan kwamiti ya rabu. Wasu suna son a gina wa makaranta babbar ƙofa mai tayil da allo mai ɗauke da sunan ƙungiya, wasu kuma suna son a gyara filin wasa. To, kada in ɓoye muku, ni ɗan ɓangaren fili ne. Na faɗa tun da wuri, domin wanda zai yi mini raddi bayan an ci abinci ya fara shirya hujjojinsa.

Yau da sassafe, kafin ku iso, na zagaya filin da ƙafata. Turken gola ɗaya ne ya rage a tsaye, shi ma gara ta ci gindinsa. An fitar da hanyar babur ta ratsa tsakiyar fili daga kusurwa zuwa kusurwa. Wajen da muke dogon tsalle ya zama juji. Ta yamma wani bawan Allah ya shuka riɗi ya girbe, ga kututturen nan. Ban ga laifin kowa ba, fili ne da ba a taka shi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Na tsaya daidai inda ake ɗaura zaren ƙarshen tseren mita 100, na daɗe ban motsa ba.

Mu da muka shigo aji ɗaya a 1979, lokacin nan duk jihar Kano ce, mun san wani fili dabam. Da an sallame sallar la'asar za a kaɗa ƙararrawa, kowa ya fito da gajeren wando da singileti mai launin gidansu. Wanda firifet ya kama a ɗaki yana barci, ya san sauran. Ranar Asabar da asuba a kora mu gudun daji, wanda muke ce wa kuroskantiri, cikin hunturu, ƙaya tana sukarmu, mu dawo a zuba wa kowa ɗan gulukos a tafin hannu ya lashe, ka ga yaro yana murna kamar an ba shi kujerar Makka. In lokacin gasar gidaje ya zo, mu muke share fili, mu muke zana layuka da toka da baƙin mai. Malamin wasanninmu, Allah ya gafarta masa, ba shi da komai sai igiya da turke da tef ɗin awo da agogon tsere guda ɗaya da yake ajiyewa cikin safa. Da su yake fitar da zagayen mita 400, kowane layi faɗinsa mita 1.22, ba ƙari ba ragi. Kyautar wanda ya zo na ɗaya kuwa bokiti ce, ko fitilar ƙwai, ko sandar sabulu. Amma na san a zauren nan akwai wanda bokitinsa yana nan a ɗakin tsohuwarsa har yau, ba a yarda a ɗebi ruwa da shi.

Ba don in sa ku kewar ƙuruciya na kawo wannan ba. Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne wasanni a jami'a, musamman ƙananan jami'o'i, da abin da ya haɗa su da makaranta irin tamu.

Lokacin da muka gama a 1984, duk yankin da yanzu ake kira Jigawa babu jami'a ko ɗaya. Wanda ya ci jarrabawa sai Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri. Abin da muke da shi a gida shi ne Kwalejin Horon Malamai ta Gumel, inda ni ma na fara karatun koyar da wasanni da kiwon lafiya kafin in wuce Zariya. An ƙirƙiro jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991. Yau ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura tun 2021. Yaron Gagarawa ko Sule Tankarkar yana iya yin digiri, ran Juma'a ya zo gida ya ci tuwon uwarsa. Wannan ni'ima ce, mun gode wa Allah. Amma dukkansu jami'o'i ne matasa, in an kwatanta su da Ibadan ko Ahmadu Bello, kuma 'ya'yanmu ne suke cika su.

Jami'o'in Nijeriya suna da gasarsu ta wasanni, wadda aka fi sani da NUGA. An fara ta a Ibadan a 1966, lokacin jami'o'in ƙasar nan duka biyar ne: Ibadan, Nsukka, Legas, Ife da Ahmadu Bello. Kwalejojin ilimi suna da tasu, NICEGA, kwalejojin kimiyya da fasaha kuma NIPOGA. Na kalli NUGA da idona a Zariya a 2001, na kuma bi labarin ta Makurɗi a 2017 da ta Legas a 2022. Abin da na lura da shi tun tuni shi ne, jami'a ba ta ƙera ɗan wasa daga tushe. Wanda ya zo mata yana da shekara goma sha tara bai taɓa gudu a kan layi ba, bai san yadda ake karɓar sanda a tseren miƙa sanda ba, ba za ta mai da shi zakara cikin shekara huɗu ba, alhali ga lacca ga jarrabawa ga yajin aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wanda kuka ga an rataya masa lambar zinariya a NUGA, ku bincika, za ku tarar akwai wani malamin wasanni a wata sakandare da ya fara riƙe masa agogo. Saboda haka in kun ji an karanta sakamakon gasa ba ku ji sunan ɗan ƙasar Gumel ba, kada ku ɗora wa Kafin Hausa ko Dutse laifi. Ku zo ku dubi juji da riɗin da na gani da safe.

Yanzu bari in ɗauke ku zuwa Amurka na ɗan lokaci, domin a can ne aka fi ko'ina ɗaure wasa da karatu wuri ɗaya, kuma mun yi nazarin tsarinsu a aji.

Abin da aka fi nuna mana a talabijin shi ne manyan jami'o'insu, masu filayen da ke cin mutum dubu ɗari, inda mai horar da 'yan wasa yake ɗaukar albashin da ya ninka na shugaban jami'a. Wannan kasuwa ce, kuma ba ita nake yi mana kwaɗayi ba. Hukumar da ke kula da wasannin jami'o'insu, NCAA, asalinta ma tsoro ne ya haife ta. A 1905 samari da dama suka mutu a filin ƙwallon nan nasu na ture-ture, har shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira shugabannin wasan manyan jami'o'i fadarsa ya ce a gyara. A 1906 aka kafa ƙungiyar. A 1973 ta raba makarantunta, waɗanda yanzu sun kai wajen 1,100, zuwa rukuni uku. Na ɗaya shi ne na masu kuɗi da talabijin. Na uku kuwa, wanda ya fi kowane yawan makarantu, sama da 400, akasarinsa ƙananan jami'o'i ne a ƙananan garuruwa, kuma dokarsa ita ce ba a ba kowa tallafin karatu saboda iya wasa. Ko kai ne barewa, da takardunka za ka shiga. Kuma kafin ka sa rigar makaranta sai ka zama cikakken ɗalibi mai ɗaukar darussa, wanda makinsa bai faɗi ƙasa da abin da makaranta ta yanka ba. Makinka ya faɗi, ka koma benci, ko da gobe ne wasan ƙarshe.

Ku ɗauki wata da ake kira Williams, a wani ɗan gari cikin duwatsun jihar Massachusetts. Ɗalibanta wajen 2,000 ne, wato wasu makarantun sakandarenmu na jeka-ka-dawo sun fi ta yawan jama'a. Amma tana da ƙungiyoyin wasa sama da 30, na maza da na mata, kuma kusan ɗalibi ɗaya cikin uku yana wakiltarta a wani wasa. Tun 1884 take karawa da abokiyar hamayyarta Amherst, kamar dai yadda muke yi da maƙwabtanmu da ba sai na faɗi suna ba. Na san wani zai ce ai su masu kuɗi ne. Gaskiya ne, Williams tana da dukiya mai yawa. Amma ku tambaya daga ina dukiyar ta fito. Kaso mai tsoka daga aljihun tsofaffin ɗalibai ne, waɗanda kowace kaka suke komawa makaranta su zauna kamar yadda muka zauna yau, su kalli ƙannensu suna wasa, su ajiye abin da ya sawwaƙa. Ba gwamnati suke jira ba.

Ita kanta NCAA tana faɗa cewa cikin 'yan wasanta sama da dubu ɗari biyar, waɗanda suke zama ƙwararru masu cin abinci da wasa ba su kai biyu cikin ɗari ba. To me ya sa ƙaramar jami'a take kashe kuɗi a kan sauran casa'in da takwas? Domin ta gane wasa igiya ce da ke riƙe yaro a makaranta. Wanda ya san in bai zo aji ba ba zai buga ba, zai zo aji. Yana koyon zuwa kan lokaci, da bin umarnin alƙalin wasa ko da ya zalunce shi, da shan kaye ba tare da ya ɗauko gora ba. Wannan na ƙarshe, ina ganin ko 'yan siyasarmu da sun samu darasinsa da mun huta.

Kada kuma a ɗauka sai da kayan miliyoyi ake farawa. Ƙwallon kwando da duniya take hauka a kai, wani malami ne mai suna James Naismith ya ƙago ta a 1891 a wata ƙaramar makarantar horon malamai a garin Springfield, saboda sanyi ya hana ɗalibansa fita waje sun dame shi da fitina. Kwandunan 'ya'yan itace biyu ya samu ya kafe a jikin barandar zauren wasa. Da malaminmu mai igiya da turke ya gan shi, da sun gane juna.

Akwai ɗan Zariya da ya bi ta irin waɗannan ƙananan makarantu, ina so 'ya'yanmu na baya su saurari labarinsa da kyau. Masai Ujiri an haife shi a Ingila a 1970, amma a Zariya ya tashi. Tamaula ya fara bugawa kamar kowa, sai yana ɗan shekara 13 ya koma ƙwallon kwando a filayen siminti na garin, inda wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson, wanda ya shafe shekaru yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello, ya ƙarfafa masa gwiwa. Da ya je Amurka ba babbar jami'a ce ta ɗauke shi ba. Wata kwaleji ce ta shekara biyu a Bismarck, jihar Dakota ta Arewa, inda sanyi yake daskarar da ruwa wata da watanni. Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a babbar gasar NBA ba. Ya yi 'yan shekaru yana bugawa a ƙananan kulob na Turai, sannan ya koma aikin farautar 'yan wasa, da farko ma ba albashi, yana kwana a ɗakunan abokai. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin kulob na NBA, a 2019 kuma kulob ɗin Toronto na ƙasar Kanada da yake shugabanta ya ɗauki kofin gasar. Tun 2003 yake dawowa Afirka yana tara yara yana koya musu wasa, daga baya har da gina filaye. Abin lura a nan, ba tsallensa ne ya kai shi can ba, domin waɗanda suka fi shi tsalle ba su ƙirguwa. Wasa ya buɗe masa ƙofa, kai da iya hulɗa da jama'a suka zaunar da shi a ciki. Shi kuwa Hakeem Olajuwon, wanda ya ɗauki kofin NBA a 1994 da 1995 yana azumin Ramadan a tsakiyar kakar wasa, ƙwallon hannu yake bugawa a makarantarsu ta Legas, kuma a wani taron wasannin makarantu a Sakkwato ne ya fara shiga gasar ƙwallon kwando. Da babu wasannin makarantu a lokacin, da wa zai san shi?

Yanzu zan faɗi wani abu da na shekara fiye da arba'in ina jin nauyinsa. 'Yan ajinmu sun san maganar, ga wasu nan sun fara sunkuyar da kai. Malamanmu kuwa, ku yafe mana.

Muna aji biyar, ni ne kyaftin ɗin ƙwallon ƙafa, muka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar makarantun yankinmu. Muna da ɗan gaba, ɗan aji huɗu, siriri, daga wani ƙauye ta wajen Maigatari. Bai taɓa fashin atisaye ba ko sau ɗaya, shi yake ɗauko ƙwallo daga sito, shi yake mayarwa. Amma muka ga abokan karawarmu ƙarti ne, sai shaiɗan ya raya mana mu ɗauko sojan haya. Akwai wani yaron makanike a cikin gari, mai ƙafar hagu kamar guduma, wanda ko firamare bai gama ba. Muka aske masa kai, muka ba shi riga da sunan yaron nan, muka ce wa malaminmu sabon ɗalibi ne da aka yi wa canjin makaranta. Ya ci ƙwallo biyu, muka yi nasara, aka ɗauke mu a kafaɗa. Kwana uku ba a yi ba asiri ya tonu, domin direban motar ɗaya makarantar a garejinsu yake gyara. Aka kore mu daga gasar, aka yi mana bulala a gaban asembili, kuma mun cancanta. Bulalar ta warke tuni. Abin da bai warke ba shi ne, yaron nan da muka ari sunansa muka bar shi a bakin fili yana riƙe mana ruwa, bai sake taka filin nan ba. Zangon da ya biyo baya ma bai dawo makaranta ba. Bayan shekaru na gan shi ran wata Alhamis a kasuwar Maigatari yana kora shanu zuwa wajen lodi. Ya gaishe ni da fara'a, ya ce mini kyaftin. Sana'arsa halal ce, kuma wataƙila ya fi ni rufin asiri. Amma na san abin da yake riƙe da shi a makaranta, na kuma san wanda ya tsinke shi.

Abin da muka yi a ƙaramin fili, ƙasa ta yi shi a babba. Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na matasa sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, kuma mun yi murna. Amma a watan Agustan 2016, ana shirin karawa da Jamhuriyar Nijar a wasan neman shiga gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17, aka yi wa 'yan wasanmu gwajin ƙashin hannu na tantance shekaru, 26 suka faɗi. Da sauran da aka tattara aka ci Nijar ɗaya da nema a Abuja, suka rama uku da ɗaya a Yamai, suka fitar da mu, mu da muke riƙe da kofin duniya. Abokanmu na Dungas da Magarya sun daɗe suna yi mana tsiya a kai. Kowane ƙato da aka rage wa shekaru, akwai wani yaro na gaskiya da aka bari a bakin fili yana riƙe ruwa.

Shi ya sa nake roƙo, in Allah ya sa ra'ayin fili ya yi rinjaye, kada mu tsaya ga turke da raga. Abu na farko da za mu saya ma ba ƙwallo ba ce, babban littafi ne mai bango mai ƙarfi. A rubuta sunan kowane ɗan wasa da ajinsa da hotonsa da sakamakon jarrabawarsa na kowane zango, a rubuta lokacin da ya yi a mita 100 da nisan da ya tsallaka. Wanda bai cika kwanakin zuwa aji ba, ko ya faɗi Turanci da Lissafi gaba ɗaya, ya huta sai ya gyara. Malam Firinsifal ya sa hannu, wakilin ƙungiya ya sa hannu. Yau in na tambaya wa ya fi kowa gudu a tarihin makarantar nan, mutum goma za su miƙe a zauren nan, kowa da tumbinsa, kuma ba mai iya ƙaryata wani domin ba a rubuta ba.

Shi filin kansa, a fara kiran ma'aikatan safiyo su auna shi a kafa duwatsun iyaka, a sami takarda. Katangar bulo ta fi ƙarfin aljihunmu, amma waya da layin darbejiya ba su fi ba, kuma bayan shekara biyar 'yan kallo sun sami inuwa. A baje shi, a fitar da zagayen mita 400, filin ƙwallon ƙafa ya zauna a cikinsa. Filin ƙwallon raga mita 18 ne da 9, na ƙwallon hannu 40 da 20, duka biyun a kan ƙasa ake yinsu, ba su bukatar siminti. Na ƙwallon kwando, mita 28 da 15, shi ne mai cin siminti, ana iya barinsa sai baɗi. Masu horarwa kuwa ga su a bakin ƙofa: kowace shekara Kwalejin Ilimi ta Gumel tana tura ɗalibanta koyon aikin koyarwa, mu nemi a riƙa turo mana masu sha'awar wasanni, mu ɗauki nauyin ɗan kuɗin motarsu. Tsarin lokaci ma sai an yi shi da sanin ƙasarmu. Daga Maris zuwa Mayu ba mai hankalin da zai sa yaro gudu da rana a nan, sai da asuba ko bayan la'asar sakaliya. Guje-guje a bar su ga hunturu, da azumi kuma a sassauta.

Ina kuma so mu daina raina namu. Langa wasa ne da ke gina ƙafa da numfashi fiye da yawancin abin da muke kwaikwayo, kuma ba ya bukatar ko sisi. Kokawa kuwa, ku leƙa tsallaken iyaka ku gani. Tun 1975 Nijar take shirya gasar takobin ƙasa, jiha-jiha, gwamnati da kanta take tsayawa, in ana yi kasuwa har ta kan yi sanyi saboda kowa yana bakin rediyo. Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, sau shida yana ɗaukar takobin. Yaren nan ɗaya, jinin nan ɗaya, yashin nan ɗaya. Me zai hana ƙungiyarmu ta sa kofi tsakanin makarantun Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a haɗa da langa da kokawa, kowane ɗan wasa da shafinsa a littafi?

Maganar 'ya'ya mata, na san wuri ne mai santsi, amma ba zan tsallake ba. A Amurka sai da aka yi doka a 1972 wadda ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, wasanni ma suna ciki, sannan mata suka samu rabonsu. Mu ba sai mun kwafi yadda suke yi ba. Malamai suna nan, su gyara mini in na yi kuskure: ya tabbata Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta halatta wasa da ɗankwali tun 2014, ta ƙwallon kwando tun 2017. Abin da ake bukata shi ne wuri killatacce, malama mace, da sutura ta mutunci. 'Yan'uwanmu mata na makarantun 'yan mata su ma suna da ƙungiyoyinsu, ya kamata shugabanninmu su zauna da nasu. Likitocin da ke cikinmu sun fi ni sanin yadda hawan jini da ciwon suga suke cin iyayen 'ya'yanmu tun suna da sauran ƙuruciya.

Ga masu cewa duk wannan wasa ne, yara aiki suke nema, ina da amsa biyu. Ta farko, duk shekara ana ɗibar sojoji da 'yan sanda da jami'an kwastan da na shige da fice, mu da muke bakin iyaka kullum muna ganinsu. Na sha raka yara wajen tantancewa. Yaro da kiredit ɗinsa biyar cif, a ce ya yi gudun kilomita uku da 'yan kai, kafin rabi ya dafe ciki ya zauna, gurbin ƙaramar hukumarsa ya tafi. Ko yankin ciniki maras shinge na Maigatari da masana'antun da ake fatan gani a Gagarawa, in sun cika sun batse, mai lafiya mai zuwa kan lokaci za su ɗauka. Ta biyu, ku tambayi kanku ina yaranmu suke tsakanin ƙarfe huɗu da magariba, lokacin da mu muke fili. Ba banza gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018 ba, kuma duk wanda ke zaune a garin iyaka ya san ƙwayar taramol ba a sama take faɗowa ba.

Wani abu ɗaya da za mu ara daga Amurkawa, mu gyara shi daidai da aljihunmu. Ba za mu iya ɗaukar nauyin karatun kowa ba. Amma duk shekara muna iya ɗaukar yara biyar ko shida da littafin nan ya nuna sun haɗa biyun, sun yi wasa sun kuma fita da kiredit biyar, mu saya musu fom ɗin JAMB, mu biya kuɗin rajistar shekarar farko, mu ba su takarda zuwa ga daraktan wasanni na jami'ar da ta ɗauke su, ɗauke da lokutansu da aka auna da agogo. 'Yan'uwanmu da ke koyarwa a Kafin Hausa da Dutse da Kano, ga su nan a layin gaba, su zama iyayensu a can.

Ban ƙi ƙofa ba, jama'a. Ni ma ina son in wuce a mota in nuna wa jikokina sunan ƙungiyarmu a rubuce. In an ba mu rai da lafiya sai mu gina ta a zagaye na gaba. Abin da na sani shi ne ƙofa za ta jira mu, fili kuwa in damina biyu ta ƙara wucewa ba a kafa masa duwatsu ba, sai dai mu zo mu yi shari'a da mai riɗi.

Ni dai na riga na gaya wa ma'aji, agogon tsere biyu da tef ɗin awo da littafin nan suna wuyana. Kuma in an tashi zana layuka a kira ni, har yanzu na iya ɗaura igiya a turke, sai dai a samo mini yaron da zai riƙa sunkuyawa. 'Yan ajinmu na 1984 kuma, musamman mutum goman da muka aske kan yaron makanike tare, ina son ganinku a gindin tsamiyar bayan ɗakin cin abinci da zarar an tashi, kowa ya taho da abin da ke aljihunsa.

Mai girma shugaban taro, na ci lokaci fiye da wanda aka ɗebar mini, a gafarce ni.  Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.